Yadda dattijo zai shirya ƙafarsa don tafiyar Mina, Arfa da Muzdalifa

Kakanninmu da suka yi niyyar Makka daga Damagaram da ƙafa suka tafi. Sukan nufi gabas ta Barno, su ratsa ƙasar Cadi ta Abeshe, su shiga Darfur, su wuce El Fashir da El Obeid har bakin Bahar Maliya, inda jirgin ruwa zai tsallakar da su Jidda. Tafiya ce ta shekaru: a yada zango, a yi noma ko ƙodago, a tara guzuri, a ƙara gaba. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na Sudan har gobe. Yanzu jirgin sama ya mai da wannan duka tafiyar ƴan awoyi, shi ya sa maniyyata da yawa ke ɗauka ƙafa ta huta. Ba ta huta ba. Abin da ya rage mata an dunƙule shi cikin kwana biyar ko shida, daga 8 zuwa 12 ko 13 ga Zulhajji, cikin zafi da cunkoso da ƙarancin barci. Kuma galibin masu samun ikon biyan kujera a garin nan sai girma ya zo suke samu, lokacin da gwiwa ta fara ƙara in an taso daga sujada.

Bayanin nan naku ne, iyayenmu maza da mata da kuka haura sittin, da kuma ƴaƴan da suka biya muku.

Ku fara sanin tazarar

Daga Harami zuwa Mina kimanin kilomita 7 ne. Daga Mina zuwa Arfa wajen 14, wato bai kai daga Zinder zuwa Mirya ba, mai kilomita 18, amma ya doshi can. Daga Arfa zuwa Muzdalifa kusan 9, daga Muzdalifa zuwa wurin jifa kuma wajen 5. Tsakanin Safa da Marwa mita 450 ne ko kusa da haka, sau bakwai ya haura kilomita 3. Ɗawafi a ƙasa kusa da Ka'aba bai kai wannan ba, amma in cunkoso ya tura mutum bene, da'irar ta fi faɗi, tafiyar sai ta ninka.

Mafi yawan wannan a mota ake yi. Akwai ma jirgin ƙasa tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa tun 2010, sai dai ba kowace tawaga ke samun sa ba. Inda abin yake shi ne mota kan sauke ku nesa da tanti, ko ta maƙale a cunkoso har a ce kowa ya sauka ya taka. Zuwa jifa kuwa ba mota ba jirgi ga yawancin alhazanmu. Tantunansu kan yi nisa da Jamra, wato wurin jifan, ana iya yin kilomita 3 zuwa, 3 ko fiye dawowa, kwana uku a jere.

In kuna da burin taka duka hanyar don neman lada, ku san addini bai ɗora muku ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho ƴaƴansa biyu na riƙe da shi yana jan ƙafa, aka ce bakance ya yi zai je da ƙafa, sai ya ce Allah ba ya bukatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Malamanmu na Malikiyya ma hawa suka fifita a kan takawa. Saboda haka horon da za ku yi na tafiyar da ba makawa ne, da wadda za ta iya faɗo muku ba shiri.

Likita, tun da sauran wata biyar ko shida

Kafin ku fara komai ku je a auna jini da sukari, a saurari zuciya. Ku gaya wa likita ƙarara cewa za ku yi tafiyar kilomita 6 a rana cikin zafin da ya wuce digiri 40, don ya san abin da yake dubawa. Mai shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari ya tambaya yadda zai sha shi ranar Arfa; mai allurar insulin ya tambaya yadda zai adana ta kada zafi ya lalata ta, da yadda zai daidaita ta ranar da tafiya ta yi yawa. Kada kowa ya rage ko ya bar magani da ra'ayin kansa. Rigakafin sanƙarau da na shawara dole ne, kuma na sanƙarau ana son ya kwana goma a jiki kafin a sauka Saudiyya. Ku bi lokacin da hukumar COHO mai shirya Hajji da Umara a Nijar ko kamfanin da kuka biya ta hannunsa ya sanar.

Horo, daga Rajab zuwa Shawwal

Ba a fafe gora ranar tafiya. A Rajab ku fara da minti 20 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, kuna ƙara minti biyar duk mako. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in kuna iya hira da abokin tafiya haki bai yanke muku magana ba, ya yi. In ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya zo, ku tsaya, ku koma wurin likita kafin ku ci gaba.

Zuwa ƙarshen Sha'aban ya kamata ku kai awa guda. A nan ne za ku sallami ɗan kabu-kabu a ƙananan zirga-zirga: masallacin Juma'a, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure a wata unguwa, duk a taka. Mai zama Zango ko Sabon Gari ya riƙa takawa har ƙofar fadar Sarki a Birni ya dawo. Lungunan Birni da gefen duwatsun nan suna da ƴar hawa da gangara, kuma ita ake bukata, don hanyoyin hawa gadar Jamra doguwar hawa ce marar tsanani wadda ke cinye numfashi a hankali. In kuna son sanin kilomita, jika ya duba muku a waya, ko ya auna da babur a bakin titin Mirya ya nuna muku inda 3 ta cika.

Akwai abu biyu da masu horo ke mantawa. Na farko, tafiyar Mina ba irin ta asuba ba ce da mutum ke miƙe ƙafa yadda ya so. Taku uku ne a tsaya, taku biyar a tsaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma wannan ya fi gajiyar da ƙugu da tafin ƙafa. Ku shiga kasuwar Dole ranar Alhamis da hantsi, ku zagaya awa guda ba ku zauna ba, za ku ɗanɗana kaɗan daga ciki. Na biyu, zama ƙasa da tashi. A Mina katifa a ƙasa take, a Muzdalifa tabarma ce, makewayi kuma galibi na tsuguno ne. Kowace rana ku zauna kan tabarma ku tashi sau goma, da farko kuna dafa bango, daga baya ba dafawa. Wanda ya saba salla a kujera saboda gwiwa ya nemi ƴar kujera mai naɗewa tun yanzu, ya saba da ɗaukarta.

Iyayenmu mata da ba su cika fita ba, tsakar gida ma filin horo ne, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu da za ku tafi tare, ku riƙa zuwa wurin bita da ƙafa, cikin hijabin da takalmin da za ku sa a can.

Da azumi a sassauta: rabin awa bayan asham ya wadatar, don kada abin da aka gina ya rushe. Shawwal ne watan gwaji. Ku zaɓi kwana uku a jere, kowace rana kilomita 6, da takalminku da jakarku da lema da gorar ruwa. Wannan shi ne jifa. A makonnin nan ku riƙa jinkirta fita zuwa hantsi sau ɗaya ko biyu a mako don jiki ya saba aiki cikin zafi, amma da ɗan rakiya, kuma ba da tsakar rana ba. Mu mutanen Damagaram mukan ce mun san rana, gaskiya ne, sai dai mun san ta ne daga ƙarƙashin inuwar bedi, ba a kan kwalta cikin mutum dubbai ba. In kun gama kwana ukun kun tashi rana ta huɗu kuna iya zuwa masallaci, alhamdu lillahi. In abin ya faskara, ba abin kunya ba ne. Kun san tun daga gida cewa za ku tanadi kuɗin keken turawa da wanda zai yi muku jifa.

Makon ƙarshe a huta. Yawon ban kwana gida-gida shi kansa aiki ne. In ta Yamai jirginku zai tashi, akwai zaman mota na kusan kilomita 900 a gabanku. Duk inda aka tsaya, Maradi ko Ƙonni ko Doso, ku sauka ku taka, kada ƙafa ta kumbura tun ba a je ko'ina ba.

Takalmi da tafin ƙafa

Silifa ɗan maɗauki ɗaya shi ne ya fi kunyata alhazai. Na baya ya taka shi, ya tsinke ko ya fice, kuma a cikin taro ba a sunkuyawa ɗauko takalmi. Takalmin fata na dukawanmu yana da kyau ranar salla, amma ƙasansa santsi gare shi a kan jiƙaƙƙen tayil, sabonsa kuma yana yanka. Namiji mai harami ya nemi sandal mai kaurin ƙasa da laushi, mai kama ƙafa, wanda bai rufe idon sawu ba; ya kai wa malamin bita ya gani kafin ya saya na biyu. Mace ba ta da wannan takura, ta sa kambas da safar auduga. Ku sayi ƙafa biyu iri ɗaya, da ɗan sarari saboda kumburi, ku yi duk horon Shawwal da su.

Faso da kaushi a fara maganinsu tun cikin ɗari: a jiƙa ƙafa da dare, a goge da dutse a hankali, a shafa man kaɗanya. Farce a yanke kafin ɗaukar harami, kada a zurfafa. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, da madubi ko ya sa a duba masa, domin ƙafarsa na iya ƙonewa ko ta yi bororo bai ji ba. Dutsen da ke kewaye da Ka'aba sanyi gare shi ko da rana, wannan ke ruɗin mutane. Kwaltar waje kuwa tana saɓule fata. Kada ku bar takalmi a ƙofar Harami. Ku sa a leda, ku jefa cikin jaka.

Maza, akwai abin da ba a cika faɗa a wurin bita ba. Harami ba wando, gumi kuma na zuba, cinya na gugar cinya har ta gurje, mutum ya koma tafiya a tale. A shafa basilin marar ƙamshi sosai kafin a ɗaura niyya. Sake shafawa bayan niyya akwai bayani a kansa a Malikiyya, ku ji daga malamin tawagarku. Ku kuma gwada yawo da gyauton haramin da bel ɗinsa a tsakar gida, a ɗaure shi ƙasa da gwiwa kaɗan da sarari yadda taku zai buɗe.

Abin da za a rataya

Jaka ƴar ƙarama mai hannu biyu ta goyo, kada ta fi kilo uku. A ciki: maganin kwana shida a kwalinsa na asali da takardar likita, gorar ruwa, lema mai haske, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, filasta, dabino, tabarma marar nauyi, takalmi na biyu, waya da abin cajinta. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, a wuya kullum, da takarda mai sunan masauki, lambar tanti da lambar jagora. Goro a bar shi gida, an hana shiga da shi. Ƙwayoyi irin su tramol ba tare da takardar likita ba kuwa suna iya kai mutum kurkuku. Wanda ya saba da goro ya fara ragewa tun azumi, kada ciwon kai ya same shi a Mina.

A Makka kafin ranar 8

Nan ne dattawa da yawa ke ƙarar da ƙarfinsu. Ɗoki ya sa a yi umara, gobe a koma Tan'im, inda ake ɗaukar haramin umara, a sake wata, jibi a yi wa mahaifi, a je Harami sau biyar a rana daga masauki mai nisa, wani ma har ya ce sai ya hau dutsen Hira. Ranar tafiya Mina ta zo an riga an kwanta da mura da ciwon gwiwa. Ku yi umararku da dare ko bayan asuba. Kwana uku kafin fita Mina ku yi salla a masallacin kusa da masauki, ku ci, ku sha, ku yi barci.

Mina da Arfa

Da isarku Mina, kafin ku kwanta, ku fito da wani ku ga lambar tantin da ta titi, a ɗauka a waya. Tantunan duk farare ne iri ɗaya, ɓata kuma shi ke mai da tafiyar kilomita ɗaya ta zama biyar. Ku gane hanyar makewayi, ku riƙa zuwa tsakanin salloli lokacin da layi ya ragu.

Maganar makewayi ita ce ke jawo babban kuskure: tsoho ya ƙi shan ruwa don gudun layi. Kada ku yi haka. Ku riƙa kurɓa a kai a kai ba sai ƙishirwa ta zo ba, don jin ƙishirwa na raguwa da shekaru. In fitsari ya yi ja ya ƙanƙance, ruwa ya yi kaɗan. In gumi ya yi yawa a haɗa ruwan gishiri da sukari. In ƙullin ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade masa ruwa ya bi abin da likitansa ya ce. Alhaji ba ya azumin ranar Arfa.

A Arfa ku zauna cikin tanti daga hantsi har bayan la'asar. Tsayuwar Arfa ba ta nufin a miƙe tsaye. A zaune ko a kishingiɗe duk ta yi. Hawa dutsen Rahma ba ya cikin aikin Hajji, zuwa masallacin Namira ma ba dole ba ne, ku haɗa azahar da la'asar da jama'ar tantinku. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, mafi yawansu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Ranar Arfa na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, daga 15 ga Yuni a 2024 zuwa 5 ga Yuni a 2025, amma Makka ko a Mayu ba ta da sauƙi. A Malikiyya rukunin shi ne kasancewa cikin Arfa wani ɗan lokaci bayan faɗuwar rana, don haka kada gaggawar mota ta fitar da ku daga iyaka kafin nan.

Daren Muzdalifa

In mota ta samu, ku hau, ko da za a jira ta har dare ya yi nisa. In ya zama dole a taka, akwai hanyar masu ƙafa daban da ta motoci, da famfuna da makewayi a gefenta. Ku ba ta awa uku zuwa huɗu. Duk rabin awa ku ratse gefe ku zauna minti goma, ku ci dabino, ku sha ruwa. A sa mafi rauni a gaba, sauran su bi takunsa.

A Muzdalifa ku haɗa magariba da lisha, ku shimfiɗa tabarma nesa da inda motoci ke juyawa, ku ɗora ƙafa kan jaka. Tsakuwa ƴan ƙanana kamar ƙwayar gujiya, 49 ga mai fita ranar 12, 70 ga mai kaiwa 13. Yaro ya tsinto muku, a zuba a gorar roba. Masu rauni an yi musu rangwame su wuce Mina cikin dare bayan sun sauka sun ɗan zauna. Nana Sauda, matar Annabi (SAW), ta nemi wannan izini saboda nauyin jiki, aka ba ta. Ku karɓi rangwamen, ku isa tanti kafin rana ta fito.

Jifa da ɗawafi

Ranar 10 ita ce mafi nauyi: jifa, hadaya, aski, ɗawafin ifada da sa'ayi. Samari kan haɗa su duka a yini ɗaya. Ku kada ku gwada. Ku yi jifa ku koma tanti. Ɗawafin ifada na iya jira har ku dawo Makka ku huta kwana ɗaya ko biyu, kuma a Malikiyya ba komai a kanku muddin Zulhajji bai fita ba.

Zuwa Jamra a bi lokacin da aka ba tawagarku. Turmutsitsin 2015 a Mina, wanda ya ci alhazai da yawa har da ƴan Nijar, ya faru ne inda taro biyu suka haɗu a mahaɗar titi. Hanyar zuwa daban, ta dawowa daban. Kada ku juya ku fuskanci jama'a ko da kun ga tantinku a baya. Abin da ya faɗi ya faɗi. In an matse, hannu biyu a ƙirji, a bi taro a hankali ana zamewa gefe. Jamrorin yanzu dogayen bango ne, mutane kuma kan cunkushe a farkonsu. Ku wuce gaba zuwa ƙarshen bangon, can za ku samu sarari ku yi jifa a natse. Wanda ba zai iya zuwa ba ya wakilta wani. A Malikiyya akwai hadaya a kansa, wasu mazhabobin ba su ɗora ba, don haka a warware wannan da malami tun a gida, a ware kuɗin.

Ɗawafi da sa'ayi a keke ya halatta ga mai uzuri. Nana Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa da ba ta da lafiya, bisa umarnin Annabi (SAW). Akwai masu turawa na hukuma da ƙananan motocin lantarki a bene, duk da kuɗi, ku tambayi farashi kafin ku zauna. In da ƙafa za ku yi, ku bi gefen da'ira, ku manta da sumbatar Hajarul Aswad, nuni da hannu ya isa. A sa'ayi sassarfar tsakanin korayen fitilu ta maza ce masu iko, kuma ba laifi ku ɗan tsaya ku sha zamzam ku ci gaba daga inda kuka tsaya.

Ƴan rakiya, ga abin da za ku sa wa ido: in Baba ko Inna sun fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko amai, ko jiki ya yi zafi rau, kada ku ce gajiya ce. A kai su inuwa, a kwantar, a kwarara musu ruwa a jiki ana fifita, a kira 911 ko a tsayar da ma'aikacin agaji mafi kusa. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki. Mai sukari da ya fara rawar jiki da gumi mai sanyi kuwa, in yana iya haɗiya, a ba shi dabino ko lemo nan take.

Bayan an dawo gida ma a ci gaba da lura. Kwanakin farko zaure cike yake da ƴan barka da sauka, Alhaji na zaune wuri ɗaya daga safe har dare bayan zaman jirgi da na mota. A riƙa tashi ana takawa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya yi wuya, ko tarin da aka zo da shi ya haɗu da zazzaɓi, ko gyambon tafin ƙafa ya ƙi bushewa, a bar baƙi da yara a tafi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita daga Makka aka dawo.